Bokitin Wanke Hannu da Bokitin Yashi

A watan Afrilun 2020 aka ƙaƙaba wa Kano dokar kulle saboda korona. Da aka ɗan sassauta, na tsaya shan mai a wani gidan mai tsakanin Ƙaraye da Rogo. A bakin famfo ga sabon bokitin wanke hannu da sabulu, yaron da ke zuba mai kuwa ya rufe baki da hanci da takunkumi. Can gefe ga jan bokitin yashin da ake ajiyewa don gobara, babu komai ciki sai ledojin fiya wata. Tukunyar kashe gobarar ta yi tsatsa. Na ce, "Samari, ka iya aiki da wannan?" Ya yi dariya, ya ce, "Wallahi Malam, ba a taɓa nuna mini ba."

Ba da takunkumi nake faɗa ba, korona ta kashe mutane, a Kano ma mun yi jana'iza. Faɗana da masu cewa ba za a iya tilasta doka a ƙauye ba. Cikin makonni kaɗan umarnin wanke hannu ya isa har Rogo. Me ya hana umarnin cika bokitin yashi isa? Korona tana kama Alhaji da gwamna, gobarar famfo kuwa ɗan talaka take fara lasa.

In ana maganar kare lafiyar ma'aikatan mai, hankali kan tafi Neja Delta, ko bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020. Namu ma'aikatan man su ne yaron famfo, da ɗan bumburutu mai jera galan kusa da mai shayi, da manomin rani na bakin dam ɗin Challawa da ke kwana ɗaki ɗaya da jarkar fetur ɗin injin ban ruwa.

An rushe DPR a 2021, an kawo NMDPRA. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta Jigawa, wuta ta ci sama da mutum 150. Kwanan baya na sake bi ta gidan man nan. Bokitin wanke hannun ya ɓace, na yashin yana nan wayam.