TALLAFIN ABINCI: A BA SHAGO LASISI, A DAINA JEFA WA TALAKA BUHU DAGA KAN TIRELA



Duk lokacin da aka ce gwamnati za ta raba shinkafa, gardama ɗaya ce ke tashi a tsakaninmu: ta hannun wa za a bi? Wasu su ce Sarkin Hausawa, wasu su ce shugaban kasuwa, wasu su ce kansila, wasu kuma limamai. Ni ina ganin tambayar gurguwa ce tun daga tushe. Muddin abincin talaka zai zo a buhu a kan tirela, ya kwana a sito, ya bi ta hannun wani kafin ya isa tukunya, to an ba kura ajiyar nama, ko da kurar ta gida ce.

Akwai wata hanya, kuma an daɗe da gwada ta. A Amurka, a 2024, gwamnatin tarayya ta ciyar da mutum kusan miliyan 42 duk wata a ƙarƙashin shirin da suke kira SNAP, wanda ya ci kimanin dala biliyan 100 a shekarar. Duk da yawan nan, babu layin karɓar buhu. Ana zuba wa mabuƙaci kuɗin a kati mai lambar sirri, ya je shagon unguwarsu ya zaɓi abin da gidansa ke ci, a cire a na'ura irin POS ɗin nan da muka sani. Sun fara da takardun sayen abinci a 1939 a garin Rochester, aka mayar da shirin doka a 1964, aka gama komawa kati a 2004. Ƙashin bayan tsarin shi ne mai shago, kuma ba kowane mai shago ake bari ya taɓa katin ba. Yadda ake tantance shi ne nake so mu duba, domin a nan darasin yake.

Hukuma guda ce ke ba da lasisin, wato hukumar kula da abinci da ke ƙarƙashin ma'aikatar noma ta ƙasar. Ba gwamna ke bayarwa ba, ba ɗan majalisa ba, ba shugaban jam'iyya ba. Mai shago zai cike fom ta intanet, kuma kyauta ne, ko sisi ba a karɓa. Zai gabatar da shaidar ko shi wane ne, da ta duk wanda ke da hannun jari a shagon, da takardar izinin kasuwanci, da asusun banki, da bayanin cinikinsa. Da zarar takardu sun cika, hukumar na da kwana 45 ta ce e ko a'a. A tsakanin nan ana iya turo mai duba shago ya ƙirga kaya, ya ɗauki hotuna, ya tabbatar abin da aka rubuta shi ne a kan kanta.

Me ake nema a kan kantar? Ƙofa biyu ce, ka shiga ta wadda ta dace da kai. Ta farko, shago ya riƙa ajiye abinci na ainihi daga gida huɗu: kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, madara da danginta, nama, kaji da kifi, sai burodi da hatsi. A ƙa'idar da aka shafe shekaru ana aiki da ita, kowane gida sai da iri uku, kowane iri a samu aƙalla guda uku, jimilla 36 ke nan, kuma a gida biyu dole a samu ɗanyen kaya mai saurin lalacewa. Alewa, lemon kwalba da kayan ƙamshi ba sa shiga lissafi. Ƙofa ta biyu ta masu sana'a ɗaya ce, kamar mahauci ko mai kayan gwari: ya nuna fiye da rabin cinikinsa daga abinci na ainihi yake fitowa. Wanda ya gaza cika sharaɗi sai ya jira wata shida kafin ya sake nema. Wanda ya samu, ana sake tantance shi duk shekara biyar. Idan ka sayar da shagon, lasisin ba ya bin mai saye, shi ma sai ya nemi nasa.

Bayan lasisi kuma akwai linzami. Katin ba ya sayen giya, taba, magani, sabulu ko dafaffen abinci mai zafi, amma yana sayen irin shuka ga mai son noma abin da zai ci. Ba a yi wa mai kati wani farashi na daban, ba a ware masa layi, ba a biyan tsohon bashi da katin. Babban laifi shi ne mai shago ya goga katin dala 100 ya miƙa wa mai shi tsabar dala 50 ya riƙe saura. Hukuncin wannan kora ce ta har abada daga shirin, ban da tara da yiwuwar ɗauri. Kwamfuta na bin kowane ciniki, idan ɗan ƙaramin shago ya fara nuna cinikin da ya fi ƙarfin kantarsa sai ta tona shi, a turo jami'i a ɓoye ya zo kamar mai saye. Wanda aka hukunta kuma yana da damar ɗaukaka ƙara, har zuwa kotu. Ƙididdigar ma'aikatar ta nuna irin wannan cuwa-cuwa ta ci kusan kashi 4 cikin 100 na kuɗin a 1993, lokacin takarda, ta sauko zuwa kimanin kashi ɗaya da rabi a zamanin kati.

Yanzu mu dawo gida mu ɗora namu a kan sikeli. A Oktoban 2020 duk mun ga yadda jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas, Jos da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin korona jibge ba a raba ba. A Agustan 2023, bayan cire tallafin mai, aka sanar da naira biliyan biyar ga kowace jiha. A Yulin 2024 aka sanar da tirelar shinkafa 20 ga kowace jiha. Kowa ya tambayi kansa da maƙwabcinsa mudu nawa ya shigo gidansa. A Fabrairun 2024 an rasa rayuka a Yaba wajen turmutsutsun sayen shinkafar kwastan mai rahusa. A Disamban shekarar, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija, mutum 10 a Maitama. Waɗannan ukun ba rabon gwamnati ba ne, masu neman lada ne suka shirya, amma salon ɗaya ne: a tara mayunwata a fili guda, a ce ga abinci can, mai ƙarfi ya isa. Tsohuwa da mai goyo ba su taɓa cin irin wannan tsere ba.

Mu mazauna kudu abin ya fi shafar mu. Idan rabo ya dogara da jerin sunayen da wani ya rubuta a ɗakinsa, sunan baƙo ne ke fara faɗuwa, ko da a nan aka yanke cibiyar kakansa. A tsarin Amurka jihar da kake zaune ita ke duba buƙatarka, bisa kuɗin shigarka da yawan bakin da kake ciyarwa, kuma katin da aka bayar a Texas yana aiki a shagon New York. Na'ura ba ta tambayar garinku.

Na san abin da za a ce. Na farko, wai su masu arziki ne, mu kuwa ba mu kai nan ba. To kuɗin tirela, da na sito, da na masu gadi, da na buga hoton mai girma a jikin buhu, daga sama suke faɗowa? Ba cewa na yi mu kashe abin da suke kashewa ba. Cewa na yi ɗan abin da ake fitarwa ya isa inda aka nufa. Kuma an riga an gwada a ƙasar nan. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shafe shekaru tana ba 'yan gudun hijira a Borno da Yobe kati, suna karɓar kaya a wurin 'yan kasuwar da ta tantance. A 2012 gwamnatin tarayya da kanta ta raba takin rahusa ta saƙon waya, manomi ya je wurin dillalin da aka yi wa rajista. Yau babu lungun da ba mai POS, ga lambar NIN, ga BVN. Kayan aiki suna nan, niyya ce babu.

Na biyu, wai shugabanninmu sun fi kowa sanin talakawansu. Ban musa ba, kuma da yawansu mutanen kirki ne da ke ciyarwa daga aljihunsu. Amma ranka ya daɗe, idan an ba ka buhu 50 ga gida dubu biyu, me aka ba ka in ba baƙin jini ba? Ka raba da gaskiya a zage ka, ka karkata a tsine maka. Sanin da ka yi wa jama'a ya fi amfani wajen tabbatar da cewa marayu da zawarawa sun shiga rajista. Wanda kuwa ya dage sai dai buhun ya kwana a zaurensa, to ya gaya mana dalili.

Na uku, wai za a yi maguɗi da katin ma. Za a yi, ai a Amurkar ma ana yi, har ɓarayi na kwafe katin mutane a na'ura. Bambancin shi ne kati yana barin sawu: wane shago, wace rana, nawa. Buhun da ya ɓace tsakanin Abuja da unguwa kuwa, wa za ka kama?

Korafi ɗaya ne na ga yana da nauyi, shi ne tsoron kada manyan kantuna su cinye kasuwar. Gaskiya ne, a can shaguna sama da 250,000 ne ke da lasisi, amma kaso mafi tsoka na kuɗin manyan kantuna yake tafiya. Ko a 2014 da dokarsu ta ce a ɗaga sharaɗi daga iri uku zuwa bakwai, ƙananan shaguna sun yi kuka har majalisa ta taka wa abin birki na tsawon shekaru. Darasin shi ne a zauna da 'yan kasuwa tun ranar rubuta ƙa'ida, tun ran gini ran zane. Talakan Najeriya ba a babban kanti yake awo ba, a wurin mai mudu yake yi. Ƙa'idar da za ta yi mana aiki ita ce irin ƙofa ta biyu, wadda za ta shigo da mai hatsi, mai wake, mai doya, mai kayan miya da mahauci. Waɗannan kuwa su wane ne a Mile 12 da Bodija da sauran kasuwannin abinci na kudu? Da yawansu mu ne.

A nan zan juyo kan 'yan uwana 'yan kasuwa, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Alhaji, shekara ashirin kana ciniki, shagon ba shi da rajistar suna, babu littafin shiga da fita, kuɗin ciniki na shiga asusun yaron shago, mudun ma an buga masa gindi. Ranar da aka fito da irin wannan tsari da me za ka nema? Wasu ne za su cike fom su karɓi lasisi, su zo su sari kaya a hannunka su ci ribar, kai kuma ka koma majalisa kana cewa an nuna mana wariya. Wariya tana nan, ba na musun ta, amma kada mu miƙa wa mai yin ta hujja da hannunmu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Don haka abu biyu nake kira a kai. Ga masu neman ƙuri'unmu, duk wanda ya zo da buhu mai hotonsa mu tambaye shi yaushe za a koma kati da shagon unguwa, da ƙa'ida rubutacciya wadda kowa zai iya karantawa, da fom kyauta, da wa'adin ba da amsa, da wurin kai ƙara, da hukunci ɗaya ga ɗan gari da baƙo. Ga mu kanmu, kowane mai shago ya yi rajistar sunan kasuwancinsa, ya buɗe asusu da sunan, ya sayi littafi ya fara rubutu, ya gyara mudunsa. Shugabannin sassan kasuwa su fara haɗa sunayen mambobinsu da irin kayan da kowa ke sayarwa, yadda ranar da aka nema ba za mu tsaya kame-kame ba. Mai buƙatar taimako wajen cike takardu ya same mu a ofishin ƙungiya.

Allah Ya yaye mana wannan tsada, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a layin neman abinci, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.

Sakataren Ƙungiya