Hutun yara: daga Isawan zuwa Maijirgi akwai abin gani

Ga kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya fara saukowa, kuma nan da ƴan kwanaki za a sallami ƴan lakwal hutun ƙarshen shekara. A irin wannan lokaci ne magidanta, musamman ma'aikata da ƴan kasuwa waɗanda aiki ko fatauci ya zaunar a Maraɗi da Damagaram da Yamai, suke soma tambayar kansu inda za su kai iyali. Mai hali yana tunanin Kano ko Kwatanu, marar hali ya ce a zauna gida, yara su wuni gaban talabijin da salula. To, a wannan mako ina tafe da shawara ta uku, wadda ba ta buƙatar fasfo, ba ta kuma cin jari.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata hira da na yi a Isawan, wajen wani ɗaurin aure, da ɗan wani abokina ma'aikaci. Yaron ɗan kwaleji ne, haifaffen Yamai, mai ƙwazo ƙwarai. Ya jero mini kogunan duniya tun daga Nilu har zuwa wanda ya ratsa birnin Pari, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na tambaye shi Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar kakanninsa, sai ya dubi mahaifinsa, mahaifin kuma ya sunkuyar da kai. Laifin ba na yaron ba ne. Duk shekara ana kawo shi ƙauye, a sauke shi gidan kaka, ya kwana biyu yana ƙorafin rashin lantarki, a mai da shi birni. Babu wanda ya taɓa kama hannunsa ya ce: taho ka gani.

Gaskiya ne Isawan ba birni ba ne. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a cikin gundumar Mayahi, tana arewa da Tasawa, tana kuma gabas da garin Mayahi. Babu gidan namun daji, babu lilon zamani. Amma wanda ya sauka can da mota mai lafiya da kwana uku a hannunsa, zai iya nuna wa ƴaƴansa abubuwan da Turawa suka rubuta littattafai a kansu.

Rana ta farko, a nufi Tasawa, kuma a daidaita tafiyar da Lahadi, ranar kasuwa. Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, sarakunan Haɓe na Katsina sun yi ƙaura zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen shekara ta 1819, Tasawa kuwa ta ci gaba da zama zangon ayarin da ke saukowa daga Abzin zuwa Katsina da Kano. A cikin irin wannan ayari na gishiri ne Bajamushen nan Bart, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdul Karimu, ya iso garin a watan Janairu na 1851, ya zaga shi, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya wuce Gazawa da Katsina. A zamanin Turawa ma Tasawa ce mazaunin kwamandan da ke mulkin wannan yanki, kafin a mai da mazaunin Maraɗi a 1927. Ke nan garin da a yau matafiyi ke tsayawa ya sayi tsire a bakin kwalta ya wuce, ya taɓa riƙe ragamar ƙasar nan. A je ƙofar fada a yi gaisuwa, a nemi wani dattijo daga cikin fadawa ya ba yara labarin sarautar garin. Daga nan a shiga kasuwa, a bi ta wajen dabbobi, a nuna musu jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, su ga yadda dillali ke ƙulla ciniki. Ɗan ɗan kasuwa da bai taɓa jin “albarka” da “sallama” a bakin kara ba, da sauransa.

Rana ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Gabas da Tasawa kaɗan, a kan babbar hanyar Damagaram, akwai garin Maijirgi. A can aka binne wasu hafsoshin Faransa guda biyu, kaftin Bule da kaftin Shanwan, waɗanda littattafan Faransanci ke rubuta sunayensu Voulet da Chanoine. A farkon 1899 suka taso daga bakin kogin Isa da rundunarsu, da nufin isa tabkin Cadi. Duk inda suka bi sai toka da gawa. Sun yi karo da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, sun yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, suka shigo ƙasar Tasawa suna ƙona garuruwa. Da labarin ya kai Pari, aka aiko kanal Kulob ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori, Bule ya sa aka harbe shi. Ba a jima ba sojojinsu baƙar fata suka yi musu bore, suka kashe Shanwan ranar 16 ga wata, Bule kuma ranar 17. Sauran rundunar ta wuce gabas, ta ci Damagaram a ƙarshen wannan wata, bayan yaƙin Tirmini.

Wani zai ce: me ya kai mu kai yara kabarin azzalumai? Amsa ita ce ba girmamawa za ta kai mu ba. Za mu je ne domin waɗannan biyun, duk da abin da suka aikata, suna da kabari da suna da ranar mutuwa a rubuce, alhali dubban kakanninmu da suka hallaka ba su da ko dutse guda mai ɗauke da sunansu. Abin da ya rage daga gare su yana bakin tsofaffi, kuma tsofaffin da suka ji labarin daga waɗanda suka gani da ido, yau ƙidayarsu ba ta da wuya. Marigayi Abdullahi Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Godiya gare su, Lugu ta shiga duniya. Amma garuruwan ƙasar Tasawa da aka ƙona, wa ya rubuta nasu? Saboda haka idan an je, a fara da gidan mai gari, a kai goro, a zauna a saurara. A ba babban yaro littafi da alƙalami, ko a ɗauki murya a salula bayan an nemi izini. Ƙananan yara kuma a sassauta musu labarin gwargwadon shekarunsu. Har ma akwai abin da zai ja hankalinsu: ana ba da labarin cewa a 1923 wani kwamandan Tasawa ya sa an tone kaburburan, bai tarar da kowa a ciki ba. Gaskiya ne ko almara, a bar su su tambayi mutanen gari.

Rana ta uku ta hutawa ce da shan iska. A bi ta Kanambakashe a gangara kwarin Gulbin Kaba har Mayahi, inda kasuwa ke ci ran Litinin ga wanda ya fi son ya juya tsarin tafiyar. Gulbi ne da ya daɗe da daina gudu kamar da, amma ruwansa yana nan a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa goriba ta yi masa sarauta har ya ci sunan kabarta. A nuna wa yara wannan itaciya mai reshe biyu, su gwigwiyi ƴaƴanta, su zauna wajen masu saƙa su ga yadda kaba ke zama tabarma da igiya da malafa. A saya, kada a taya da wulaƙanci, domin da wannan sana'a gidaje da dama ke cike giɓin rumbu idan damina ba ta yi kyau ba.

A kan hanya kuma a tsaya a gona a dubi gawo. Itace ne mai abin mamaki: da damina yake kaɗe ganyensa ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ya yi kore shar ya ba dabbobi inuwa da abinci. Waɗanda suka san ƙasar nan bayan farin 1973 da na 1984 sun san yadda gonaki suka zama fili fetal, iska na binne shuka. Tun daga 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Toni Rinaudo ya fara aiki da manoman jahar Maraɗi kan dabarar da aka sani da sassaben zamani, wato a bar tohon kututture, a zaɓi mai ƙarfi a gyara shi ya girma, maimakon a sare a ƙone. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, shi kuma an ba shi wata babbar kyauta a ƙasar Suwidin a 2018. Baƙi suna tasowa daga nesa domin su ga wannan aiki. Ashe bai kamata ɗan gida ya san cewa kawunsa mai gatari da hauya yana cikin waɗanda suka yi shi ba?

Ga ƴan shawarwari kafin a tashi. A tambayi halin hanya wajen direbobin tasha da jami'an tsaro, a yi tafiya da rana, a koma masauki kafin magariba. A riƙe takardun shaida, da ruwan sha wadatacce, da tayar safiya mai kyau, domin da zarar an bar kwalta rairayi ne. A tafi da rigunan sanyi na yara. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa, kada kuma a shiga gari a wuce mai gari. Kuma don Allah a tafi da mata da ƴan mata, kada a bar su a madafa ana cewa yawo na maza ne. Uwa ce ke maimaita wa yaro labari har ya zauna.

Sauran magana ta hukuma ce. Masu riƙe da ƙananan hukumomin Isawan da Tasawa da Maijirgi da Mayahi, allo guda na ƙarfe mai bayanin abin da ya faru a wuri bai kai kuɗin walimar taro ɗaya ba. Tun watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, ga wurin da za a fara aiki da ita: a rubuta allunan da Hausa da Faransanci, a sa sunayen garuruwan da aka ƙona. Malaman lakwal su fitar da ɗalibai sau ɗaya a shekara. Alhazanmu kuma, waɗanda Allah ya hore wa, su tuna cewa rumfa da randar ruwa a inda baƙi ke tsayawa su ma sadaka ce, kuma baƙon da ya tsaya shi ke sayen fura da tabarma.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Abokina ya yi mini alkawarin cewa bana zai kai ɗansa Gulbin Kaba, zan kuma tambayi yaron idan sun dawo. Wanda ya yi irin wannan tafiya ya rubuto mana abin da tsofaffi suka faɗa masa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.