Naɗar Kiran Waya da Yaɗa Shi: Amanar da Muke Wasa da Ita



A watan Mayun 2023 wani sauti ya karaɗe wayoyin mutanen Arewa, wanda aka ce hira ce ta waya tsakanin gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, da Ibrahim Masari, a kan ganawar da Bola Tinubu ya yi da Rabi'u Musa Kwankwaso a Faransa. Gwamnatin Kano ta ce aikin masu neman haddasa saɓani ne. An yi kwanaki ana muhawara a kan abin da aka ji, amma kaɗan ne suka tambaya ko ya halatta a naɗi maganar, balle a watsa ta. Manyan 'yan siyasa suna da lauyoyi da masu magana da yawunsu. Talakan Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba shi da kowa sai Allah, kuma shi ne wannan ɗabi'a ta fi yi wa illa.

Ra'ayina shi ne naɗar murya da yaɗa ta abubuwa biyu ne, kowanne da hukuncinsa. Naɗa kan halatta idan lalura ta sa. Yaɗawa a WhatsApp da Facebook da TikTok kuwa, da wuya a samo mata mafaka a Shari'a.

Asalin magana tsakanin mutum biyu amana ce. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir bin Abdullah (RA) hadisin da ke nuna cewa idan mutum ya gaya maka magana yana waiwaye, waiwayen nan ya mayar da ita amana a wuyanka. Wanda ya kira lambarka kai kaɗai, ya keɓe gefe don ya yi magana da kai, ya yi abin da ya fi waiwaye. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa hani uku a jere: mummunan zato, bin diddigin asirin mutane, da giba. Mai danna maɓallin naɗa a ɓoye yakan fara ne da na farko, ya aikata na biyu, sannan idan ya tura wa jama'a ya cika da na uku. Bukhari kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) narkon zuba narkakkiyar dalma a kunnen mai sauraron zancen mutane alhali ba sa so. Wannan narko ya shafi mai naɗar kiran da ba nasa ba, kuma ya kamata ya tsoratar da mu masu buɗe sautin muna saurare.

Dokar ƙasa ma ta taɓo batun. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci hirar waya da sunanta cikin sirrin da aka lamunce wa ɗan ƙasa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta mayar da kutse cikin sadarwar wasu ba da izini ba laifi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta shar'anta cewa sai da hujja ta doka ake sarrafa bayanan da suka shafi mutum. Ga mu a Zamfara akwai ƙarin nauyi, domin jiharmu ce ta fara shelanta dawo da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999. Bai dace mu riƙe haddin sata mu saki hukuncin satar magana ba.

Illar ta fi bayyana a halin da yankinmu yake ciki. A ɗauka wani magidanci ne a Tungar Daji aka sace ƙanensa. Dole ya yi waya da 'yan bindiga, ya tausasa harshe, ya yi alkawarin kai kuɗi, wataƙila har ya kira azzalumi da sunan girmamawa don ya ceci rai. Idan wani ya yanko minti ɗaya daga wannan hira ya jefa a zauren WhatsApp, abin da za a ji shi ne mutum yana hira da ɓarayin daji cikin ladabi. Kafin gari ya waye an liƙa masa sunan infoma, kuma kowa ya san abin da wannan suna kan jawo wa mutum a ƙasar nan. Wanda ya tura yana ganin ya taimaki tsaro, alhali yana iya zama sanadin zubar da jinin wanda aka zalunta sau biyu.

Haka abin yake a cikin gida. Miji ya naɗi matarsa tana cikin fushi ya tura wa danginsa. Saurayi ya ajiye muryar budurwa, ranar da aka ba wani ita ya sake ta a gari. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri (RA) cewa mai tona asirin shimfiɗar aure yana cikin mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar ƙiyama. Magana zarar bunu ce tun kafin a ƙera waya, yanzu kuwa ko wanda ya sake ta ya yi nadama ba shi da ikon goge ta daga wayoyin mutane.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma adalci ne a saurare ta. Matar da mijinta ya saka ta waya ya dawo ya musa, da ɗan kasuwar da aka ci bashinsa ba rubutu, da wanda ake yi wa barazanar kisa, da wanda ma'aikaci ya nemi cin hanci a hannunsa, sau da yawa ba su da wata shaida sai muryar da suka naɗa. Shari'a ba ta toshe musu hanya ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta togace wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Hindu bint Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan, ba a kuma ce ta yi giba ba. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, na farkonsu kai ƙarar zalunci. Sai dai a lura da inda Hindu ta kai maganarta: wurin Manzon Allah (SAW), wanda yake da ikon yanke hukunci. Ba ta tsaya a kasuwar Makka tana shela ba. Lalura ana auna ta ne da gwargwadonta. Wanda ya naɗa don kare haƙƙinsa, hanyarsa ita ce alƙali, ko jami'an tsaro, ko hakimi, ko waliyyan aure. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar shaidar na'ura a kotu bisa sharuɗɗa. A can ne za a kira wanda ake tuhuma, a ji cikakkiyar hirar, a ba shi damar kare kansa. Zauren WhatsApp ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wani zai ce hukuma kan yi biris sai an fallasa. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma nauyi ne a kan shugabanni su gyara. Amma ko a nan, miƙa shaida ga lauya ko ɗan jaridan da zai bincika ya tuntuɓi ɗaya ɓangaren ya fi kusa da umarnin aya ta 6 a Suratul Hujurat na tantance labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Buƙatar tantancewa ta ƙaru a yau, tunda ana yanke sauti a haɗa, kuma ƙirƙirarriyar basira tana kwaikwayon muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Saura mu masu karɓa. A muƙaddimar Sahih Muslim akwai hadisin da ke nuna cewa ba da labarin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi ƙarya. Idan sauti ya shigo wayarka, ɗan'uwa, ka bar shi ya mutu a hannunka, ka kuma yi wa wanda ya turo nasiha a keɓe. Shugabannin zaurukan ɗalibai da na unguwa su sanya wannan cikin ƙa'idojinsu, limamai su taɓo shi a huɗuba, iyaye su koya wa yara cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai son naɗar kira don ciniki ko bashi kuma ya sanar da abokin maganarsa tun farko.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya dawo wa Zamfara da zaman lafiya. Allah ne mafi sani.