ANA SHARI'AR AURENSA, SHI YANA BAKIN TITI

Duk Bahaushen da ya daɗe a Ikko, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Obalende, ya san irin baƙin nan da kan sauka gidan ɗan'uwa rungume da jakar takardu, ba su yarda ta bar hammatarsu ko wajen barci. Matan aure ne, wani lokaci kuma mazaje, waɗanda abokan zamansu ke Amurka, aka kira su ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasar da ke titin Walter Carrington a tsibirin Victoria. Babban ofishin jakadanci yana Abuja, amma bizar ƙaura, watau ta zama dindindin, a Ikko ake ganawarta. Saboda haka yarinyar da ke Kano ko Sakkwato ko Yola tilas ta niƙo gari ta taho Kurmi, tafiyar kilomita wajen 1,000 ko fiye, ta sauka a ɗakin wani daga cikin masu karanta wannan shafi.

Sau da yawa mijin ma yakan roƙi hutu a wurin aiki, ya yanki tikiti mai tsada, ya tsallako teku don ya tsaya kusa da iyalinsa a wannan rana. Da asuba su kama hanya, su isa ƙofa, sa'an nan ya ji abin da bai zata ba. Wanda aka rubuta wa takardar gayyata shi ke shiga. Akan bar tafinta, akan bar mai riƙe tsoho ko naƙasasshe, amma lauya ba ya shiga, wayar hannu ba ta shiga, miji kuwa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka cewa ta yi ba a bukatar zuwansa. Sai ya karɓi wayar matarsa da jakarta, ya koma bakin titi cikin masu tallan ruwa da 'yan cuwa-cuwa, ana can ciki ana shari'ar aurensa.

To, jama'a, ina aka taɓa yin haka? Wannan mutumin shi ne ya buɗe maganar tun farko da takardar da suke kira I-130, inda ya shaida cewa wance matarsa ce. Shi ya biya kuɗin kowane mataki. Shi ya sa hannu a takardar alkawarin ciyarwa, I-864, wadda dokar 1996 ta mayar da ita yarjejeniya mai ƙarfi a gaban kotu: sai ya nuna samunsa ya kai aƙalla kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na ƙasar, nauyin kuwa ba ya sauka daga wuyansa ko da aure ya mutu. An yarda da sa hannunsa, an yarda da aljihunsa, da aka zo kan bakinsa sai aka rufe ƙofa.

Abin da zai ƙara ba mai karatu mamaki shi ne, a cikin Amurka kanta ba haka ake yi ba. In matar tana can ta nemi izinin zama ta hanyar aure, hukumar shige da fice miji da mata take kira tare, suna da ikon zuwa da lauya, in kuwa an yi shakka sai a raba su ɗaki, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya, a gwada amsoshin. Ashe dai sun san cewa mai neman gaskiyar aure bakin mutum biyu yake saurara. Me ya sa wannan hikima ba ta iya ƙetaro teku?

A ƙaddara yarinyar ta shiga. Ta riga ta yi gwajin likita, ta kawo shaidar hali daga 'yan sanda, da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya. Tana tsaye, gilashi na tsakaninta da jami'i, ta ɗaga hannu ta rantse, cikin 'yan mintoci kuma za a yanke abin da aka shekara ana jira. Tambayoyin sanannu ne: ina kuka haɗu, wa ya fara magana, yaushe aka haife shi, me kuka yi ran da kuka rabu, ina hotunanku. Ga wadda ta tashi a Chicago waɗannan tambayoyi ruwan sha ne. Ga 'yar da ta tashi a gidan da mace ba ta kama sunan mijinta, sai dai ta ce Malam, ko Maigida, ko Baban wane, kowace tambaya ƙaya ce. An hore ta tun tana ƙarama kada ta zuba wa baƙon namiji ido, jami'in kuwa an saba masa da cewa mai sunkuyar da kai yana ɓoye wani abu. Gidaje nawa ne a Arewa ake bikin zagayowar ranar haihuwa, har da za a ce wadda ta yi inda-inda kan kwanan wata ba ta san mijinta ba? Hoton runguma kuwa, wanda a wurinsu shaidar ƙauna ne, a wurin iyayenta fitsara ce. Alkunyar da ta sa dangin miji suka ce sun yi dacen suruka, ita ce za ta iya zama abin zargi a gaban taga. Da mijin na tsaye a gefenta, da kalma biyu ya warware wannan ƙulli.

Daɗin daɗawa, akwai wani tarko a cikin dokar wanda ya dace kowane Bahaushe ya sani. Ƙa'idarsu ita ce, auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi ya halatta a wurinsu, Nijeriya kuwa ta amince da auren rajista, da na gargajiya, da na Musulunci. Amma dokar shige da ficensu ta ce auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wuri guda ba, ba a lissafa shi sai an tare bayan ɗaurin. To, a ƙasar Hausa yaushe amarya ta taɓa zuwa wurin fatiha? Waliyyinta ke bayarwa, wakilin ango ke karɓa, a ambaci sadaki, a raba goro, ango ma wani lokaci yana wata ƙasa. Wanda aka ɗaura masa aure yana can, bai kuwa zo gida ya tare da matarsa ba kafin ya cika takarda, ya gina ɗaki ne kan yashi. Haka nan tun 1891 dokar Amurka ta rufe ƙofa ga masu mata fiye da ɗaya, har yau kuwa mai niyyar zama da mata biyu a can ba shi da izinin shiga. Wannan dokarsu ce, ƙasarsu ce, mai mata biyu ya san da ita tun kafin ya ɓarnatar da kuɗinsa.

In jami'i ya ce a'a, ina za a kai kuka? A nan ne gizo ke saƙa. Kotunan Amurka sun daɗe a kan cewa hukuncin jami'in biza ba abin da alƙali zai tona ba ne. A 2015 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar wata Ba'amurkiya mai suna Fauzia Din, wadda ta kai ƙara saboda an hana mijinta, ɗan Afganistan, biza ba tare da an gaya mata kome ba sai lambar sashen doka. Ta faɗi, alƙalai 5 suka rinjayi 4. A watan Yuni na 2024 aka yanke shari'ar Sandra Muñoz, lauya ce a Los Angeles, wadda mijinta ya tafi ƙasarsu El Salvador ganawa a 2015 aka hana shi komowa. Sai da aka shekara uku, ana tsakiyar shari'a, kana aka bayyana dalili: wai jami'i ya ɗauka ɗan wata ƙungiyar 'yan daba ne, har da zanen da ke jikinsa cikin abin da aka duba. Alƙalai 6 suka rinjayi 3, kotu ta ce tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin a shigo masa da abokin aurensa ba. In lauyar da aka haifa a can ta sha wannan kaye, ina ga ɗan Zariya mai tuƙin tasi a New York? Jami'in da ba a ɗaukaka ƙararsa shi ya fi kowa bukatar ya saurari kowane shaida, ga shi kuwa babban shaida na waje yana shan rana.

Masu kare wannan tsari za su ce auren ƙarya ya yi yawa. Gaskiya ne, ba kuwa za a ɓoye ba. Akwai masu sayen aure don takarda, mazauna Ikko kuma ba sa bukatar a gaya musu abin da sunan Oluwole ya shahara da shi wajen ƙera takardun jabu. Waɗannan su ne wake ɗayan da ya ɓata gari, alhakin kowace baiwar Allah da aka tsare da tambaya yana wuyansu. Amma doka ta riga ta tanadi bulalarsu. Tun 1986 mai auren ƙarya na fuskantar ɗaurin shekara 5 ko tarar dala 250,000, ko duka biyu. Auren da bai cika shekara 2 ba kuwa katin zama na wucin gadi ake ba shi, sai an shekara 2 ma'auratan su sake gabatar da shaida tare. Maƙaryata biyu sun fi sauƙin kamawa in an tsayar da su wuri guda. Hana miji shiga mai gaskiya yake cuta, ɗan damfara kuwa ya ma fi son a bar shi shi kaɗai da haddarsa.

Bisa wannan kuma ga guguwar siyasa. A ƙarshen Janairu na 2020 Shugaba Trump ya dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Nijeriya, Shugaba Biden ya soke dokar ran 20 ga Janairu 2021. A Disamba na 2025 aka sake sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza daga 1 ga Janairu 2026. Irin wannan sanarwa alƙalami ke kawo ta, alƙalami ke ɗauke ta, tagar nan kuwa tana nan kowa ke mulki, shi ya sa gyaranta ya zama wajibi. Kada wani ya ce ba a gyara irin wannan. A 1979 jaridar Guardian ta tona cewa a filin jirgin Heathrow na Ingila an yi wa wata Ba'indiya da ta zo aure gwajin budurci, duniya ta yi ca, aka daina. Ingila ta kuma taɓa yin dokar da ke tilasta wa mutum ya tabbatar cewa ba don shiga ƙasa ya yi aure ba, aka yi ta kuka da ita har aka soke ta a 1997. Abin da surutu ya kayar a London zai iya kayarwa a ko'ina.

Bukatun ba su da yawa. A bar mijin ko matar da ta buɗe takarda ta shiga, in ta zo da kanta. A tanadi tafintan Hausa, harshen da miliyoyin mutane ke yi, a kuma sanar da jami'ai yadda ake ɗaura aure a Arewa. In za a hana, a rubuta dalili da harshen da mutum zai gane. Ma'aikatar Harkokin Wajen Nijeriya ita ya kamata ta ɗauki wannan magana, gama mutuncin auren 'yan ƙasa ba ƙaramin abu ba ne da za a bar wa 'yan bakin titi.

Kafin ranar ta zo, nauyi yana kan masu masauki, daga Agege har Sabo ta Badun da Shagamu. Sarakunan Hausawa da limamai su ja kunnen jama'a: duk auren da aka ɗaura a rubuta shi, a karɓi takardar shaida tun ranar, a adana tikiti da hatimin fasfo da ke nuna an tare. Kada a ruga Ikoyi a yi auren rajista da ka, domin aure ne na mace ɗaya, yana kuma da hukuncinsa. Kada a bar ɗan cuwa-cuwa ya koya wa yarinya hadda, gama ƙarya ɗaya a gaban taga na iya jawo hani na har abada, alhali "ban sani ba" ba laifi ba ne. A gaya mata cewa ran nan faɗin sunan mijinta ba rashin kunya ba ne. In an ba ta takardar sashe na 221(g), ba a rufe magana ba, akwai shekara guda ta kai abin da aka nema. In kuma an mayar da takardun Amurka don a soke su, mijin yana da damar ba da amsa a rubuce, yana kuma iya kai kukansa ga ɗan majalisar mazaɓarsa.

Shi kuwa maigidan da ya tsallako teku, ko an hana shi shiga, zuwansa bai faɗi ƙasa banza ba: hatimin da ke fasfonsa shaida ne, matar kuma ta shiga da sanin cewa yana bakin ƙofa. Amma kada wannan ya sa a saba da abin da bai kamata ba. Ko a kotun ƙauye, ba a yanke maganar aure sai an ji ta bakin miji da mata. Ƙasar da ke alfahari da adalci ba ta da hujjar kasa kai wa nan.