Waiwaye: Kaki Kafin Azurfa

Mu da muka ga zamanin da albashin ma'aikatan kamfanonin Sonichar da Somaïr da Cominak ke motsa kasuwannin arewacin Agadas, muna tune da yadda kyamarar bidiyo ta shigo bukukuwanmu. Tashar lantarkin Cirozerin ta fara aiki a 1981, tana ƙona gawayin Anu Araren tana tura wuta Arlit da Akokan da Agadas. Inda wuta ta je kuwa, talabijin na biye da ita, sannan na'urar kaset, daga baya mai ɗaukar biki ya bayyana da Panasonic ɗinsa a kafaɗa, yara na bin sa a baya.

Abin da yawancinmu ba mu gani ba shi ne aikin da yake yi bayan an watse. Idan bikin babba ne, kyamara biyu ake kawowa, ɗaya tana wajen masu jita ko tende, ɗaya tana zagaya dangi. Sai ya koma ɗakinsa da kasusuwan VHS masu awa uku uku, ya haɗa na'ura biyu da talabijin, ya ɗauko littafi da biro. Ba ya taɓa maɓallin ɗauka sai ya kalli komai. Yana kallo yana rubuta lambar da ke gudu a gaban na'urar: nan amarya ta fito, nan raƙuma suka zagaye mata masu kiɗa, nan wani ya tare kyamara da rawaninsa, a tsallake. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Duk kwafin da aka yi daga kaset zuwa kaset, hoton raguwa yake yi, ja ya malale, fuskoki su dushe. In ka yi kuskure a tsakiya, sai dai ka sake daga nan har ƙarshe. Saboda haka fim ɗin yakan ƙare a takarda tun bai hau kaset ba.

Yau 'ya'yanmu da jikokinmu suna zuwa biki da kyamara uku, ga waya biyu, ga jirgin ɗaukar hoto yana shawagi a sama, duka a 4K. Hoton 4K ɗaya yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ninki huɗu ke nan na 1080 da muka saba. Yaro zai zuba wannan duka cikin kwamfuta ɗaya a watan Afrilu, ɗakin ya ɗau zafi, ƙura ta toshe fankar, hoto na tafiya yana tsayawa. Yakan ce kwamfutar ce ta tsufa. Ni kuwa nakan ga kaya ne aka ɗora mata tun ba a tsince su ba.

Maƙeran Agadas sun daɗe da sanin maganin wannan. Mai ƙera giciyen nan na azurfa yakan fara siffanta shi da kaki, ya gyara, ya kankare, sai ya gamsu sannan ya lulluɓe shi da yumɓu, ya narkar da kakin ya zuba azurfa a gurbinsa. Masu fim ma haka suke yi tun zamanin silima: kwafin aiki ake yankawa, asalin yana ajiye sai an gama shawara. Yanzu Premiere Pro da DaVinci Resolve suna yi maka wannan ƙaramin kwafi mara nauyi, wanda masu sana'ar ke kira furoksi, da danna maɓalli kaɗan. Kayan sun sauƙaƙa, haƙurin zama a tsara aiki ne ya yi mana ƙaranci. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tsarin kuwa tun a filin biki yake farawa. Kyamarorin duka a saita su a hoto 25 cikin daƙiƙa, yadda talabijin ɗinmu ke tafiya, domin waya takan ɗauki 30, wani lokaci ma tana hawa tana sauka, sai ka ga bakin mawaƙi ya riga muryarsa. Wani ya tsaya inda duk kyamarori ke ganinsa ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wannan tafin ne zai haɗa su a layi ɗaya. A gida, kowace kyamara da jakarta, kowane kati da sunansa. A zaɓi murya ɗaya mai kyau ta zama ginshiƙi, sauran a kashe su. Sannan a yi yankan a kan ƙananan kwafin, ana sauyawa daga wannan kyamara zuwa waccan ba tare da kwamfuta ta yi nishi ba. Gyaran launi da rubutun sunayen ango da amarya su jira.

Wannan ya wuce maganar biki. Idrissou Mora-Kpai ya ɗauki Arlit a fim ɗinsa na 2005, Amina Weira, 'yar tsohon ma'aikacin ma'adinai, ta sake nuna mana garin a La Colère dans le vent a 2016. Cominak ta rufe a ƙarshen Maris na 2021, mutane da yawa sun kwashe iyalinsu daga Akokan. Abin da matasanmu ke ɗauka yanzu, na suna ne ko na bikin Biyanu, shi za a nema gobe idan ana son ganin yadda muka zauna. Ina jin ciwon kowane faifan da aka watsar rabi da rabi don kwamfuta ta gaji.

Idan yankan ya kammala, a kira masu biki su kalla a ƙaramin kwafin, domin a nan ne gwaggo za ta ce ba a nuna ta ba, kuma gyara a nan ba shi da tsada. Sai sun amince za a share kusurwoyin da ba a yi amfani da su ba daga layin aiki, a mayar da shi kan manyan hotunan na asali, a gyara launi, a bar kwamfuta ta fitar da shi da dare lokacin da gari ya yi sanyi. Kada dai a canza sunan fayil ko ɗaya tsakanin farko da ƙarshe, don da sunan ne manhajar ke gane asalin kowane yanki, kuma asalin a ajiye shi a faifai biyu, ba a gida ɗaya ba.