Kafin ki sake sayen zare, buɗe jakar da ke ƙarƙashin gado

Watan jiya na tashi daga ɗakin da nake haya a Manchester zuwa wani. Ina cikin haɗa kaya sai na jawo jakar Ghana-must-go har biyu daga ƙarƙashin gado, cike da zaren ulu. Wani ko takardarsa ban ɓare ba. Na zauna na yi lissafi, sai na ga kuɗin da ya kwanta a jakunkunan nan ya kusa abin da nake tura wa gida a wata guda. Wallahi kunyar kaina ta kama ni.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, saƙa kuwa ita ce hutuna bayan aikin dare. Na san muna da yawa a nan, masu saƙa da masu ɗinki da masu jera duwatsu, kuma kowa kukanta ɗaya: kaya sun yi tsada. Gaskiya ne sun yi. Amma a ganina ba tsadar ce ke cinye mana kuɗi ba. Abu biyu ne: sayen abin da ba mu tashi aiki da shi ba, da kuɗin aika kaya gida.

Mu fara da na farko. Kanti ya manna takardar ragi, sai ki kwashi dunƙule goma don kada ya wuce ki. Alhali dunƙule ɗaya mai giram 100 yana fitar mini da hular jariri kusan huɗu. To me zan yi da goma? Ragin da ya sa kika sayi abin da ba ki buƙata ba ragi ba ne, asara ce aka yi mata kwalliya. Yanzu dokata ɗaya ce: ba na sayen zare sai na san me zan saƙa, wa zan saƙa wa, kuma giram nawa zai ci. Ma'aunin kicin ya ishe ki wannan lissafin. Idan aikin babba ne, kamar bargo, sayi abin da zai isa a lokaci ɗaya, ki duba lambar rini a jikin takardar ta zama iri ɗaya. In ba haka ba launin zai saɓa, ki koma sayen sabo.

Sannan akwai hanyoyin da da yawanmu ke jin nauyin bi. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam, sukan samu zare da tsinken saƙa da kwarashi da mutane suka bayar. Haka kasuwar ranar Lahadi da ake baje kaya a bayan mota, da Facebook Marketplace, inda za ki ga wata tana neman rabuwa da jaka guda irin tawa. Ɗakunan karatu na unguwa da yawa suna da zaman masu saƙa, kuma a can ake musayar ragowar zare kyauta. Tsohuwar suwaita ma zare ce. Ki juya cikinta ki duba haɗin: idan da keke aka yanke gefen aka daje, bar ta, guntu-guntu za ta fito. Idan kuwa haɗa ta aka yi ba yanka, warware ta, ki jiƙa zaren a ruwan ɗumi, ki shanya ya miƙe.

Amma fa araha ba ta ado, kuma a nan nas ce ke magana. Abin da za a sa wa bakwaini ko jaririn da bai yi kwana arba'in ba, kada a yi masa tsimi da zaren da ba a san inda ya kwana ba. Fatarsu ba ta jure ƙaiƙayi da ƙura. Mai son kai huluna asibiti ta fara tambayar ɗakin jariran irin zaren da suke karɓa.

Na biyu shi ne wanda zai ɓata wa wasu rai a gida. Bara ƙanwata da ke Kano ta fara koyon saƙa, ta ce, “Yaya, a aiko mini da zaren Ingila, an ce ya fi.” Na saya, na biya kuɗin kago, kaya suka yi makonni a hanya. Da suka isa, sai ga shi rabi zare ne mai kauri na sanyin Turai, wanda ba mai sa shi a Kano sai 'yan kwanakin hunturu. Ƙarin abin dariya, takardar jikinsa cewa ta yi a Turkiyya aka yi shi. Na biya fam, na biya jirgi, a kan abin da ba ma a nan aka yi ba. Ko a jakar tafiya aka saka, kilo 23 ɗin nan da ake ba mutum ya fi amfani da magani ko littattafan yara.

Na san za a ce wani zaren kasuwa yana zuba, wani yana tashin gashi tun wankin farko. Haka ne. Maganinsa a sayi dunƙule ɗaya, a saƙa ɗan yanki kamar tafin hannu, a wanke a gani kafin a zuba kuɗi. Idan ya yi, mata huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su saro a Sabon Gari, ya fi kowa ta je ta saya ɗai-ɗai. Mu kuma na waje, abin da ya dace mu aika shi ne kayan aiki marasa nauyi masu daɗewa: kwarashi mai kyau, almakashi, tsinken ƙarfe. Sauran a tura kuɗin, mai sana'a ta zaɓi abin da masu sayenta ke so.

Jakunkuna biyun nan na raba su. Ɗaya na kai zaman masu saƙa, ɗaya na yi wa kaina alkawarin ba zan shiga kantin zare ba sai ta ƙare. Ƙanwata kuwa wannan karon kuɗi na tura mata, da kwarashi uku a ambulan. Ta ce ta riga ta sayar da safa da hula saiti shida.