Gayyar Zamani: Yadda Na'ura Ta Karɓe Aikin Heluma

Dattawan Jos da Bukuru waɗanda suka ga zamanin haƙar kuza ba su manta da heluma ba. Tun da ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya iso Bukuru a 1914, lebura suka riƙa kwararowa daga Kano da Katsina da Barno, yawancinsu ba wanda ya san wani. Heluma ne ke tara su ƙungiya ƙungiya, ya ce wane ya riƙe diga, wane ya ɗauki kwano, wane ya tsaya wurin wanki. In ɗaya ya yi lalaci, sauran ne ke ɗaukar nauyinsa, saboda haka kowa na sa ido a kan ɗan'uwansa.

Yau jikokin waɗannan lebura suna wata irin gayya wadda ba diga ba kwano. Duk wanda ya ratsa Titin Bauci ko Gangare da maraice zai ga samari sun duƙufa a kan wayoyinsu, suna wasannin yaƙi ta intanet irin su Free Fire da Call of Duty Mobile. Da yaro ya taɓa waya, sai na'ura ta haɗa shi da waɗansu mutum uku da bai taɓa gani ba, ta ce ga abokan tafiya. Watau dai na'ura ta zama heluma. Ya kamata iyaye da malamai su san asalin wannan al'amari, domin akwai riba a cikinsa, akwai kuma hasara.

Wasan da ya fi fito da wannan tsari fili shi ne World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004, har masu biyan kuɗin shigarsa suka kai miliyan 12 a 2010. Ƙololuwar wasan ita ce farmaki, inda jama'a ke taruwa su auka wa wani ƙasurgumin dodo da mutum ɗaya ba zai iya kayarwa ba. Aiki kuwa kashi uku ne. Akwai garkuwa, wanda ke jawo fushin dodon kansa don ya kare sauran. Akwai mai magani, wanda ke warkar da masu rauni. Sa'an nan akwai maharba, masu kai sara da harbi. In garkuwa ya faɗi, ko mai magani ya shagala, kowa ya halaka.

Da farko babban farmaki mutum 40 yake bukata. Tara su aiki ne ja. Shugaban ƙungiya kan yi ta shela, ana jira sa'a guda ko fiye don rashin mai magani ɗaya tak. Mai iyali da mai aikin albashi ba su da wannan sukuni. Don haka kamfanin ya shiga sassauci. A 2007 aka rage yawan zuwa 25 ko 10. A watan Afrilu na 2009 aka ba kowane ɗan wasa damar riƙe sana'a biyu, ya zama garkuwa yanzu, an jima ya koma maharbi. A watan Disamba na wannan shekara aka kawo na'urar haɗa ƙungiya ta mutum biyar: garkuwa ɗaya, mai magani ɗaya, maharba uku. A Nuwamba 2011 aka faɗaɗa ta ta kama farmakin mutum 25. Daga nan a Satumba 2013 aka shigo da farmaki mai talala, wanda a lokacin yake karɓar ko mutum nawa daga 10 zuwa 25, ƙarfin dodon na ƙaruwa ko raguwa gwargwadon yawan waɗanda suka hallara.

Wani abin lura shi ne, kusan kowa maharbi yake so ya zama, domin nan ne suna yake, laifi kuwa kaɗan. Garkuwa da mai magani su ne ake zagi in tafiya ta ɓaci, sai suka yi ƙaranci, layin maharba ya yi tsawo. Ala tilas a 2011 kamfanin ya fara ba da tukuici ga duk wanda ya yarda ya ɗauki aikin da ake gudu. Wasan Final Fantasy XIV na ƙasar Japan, wanda aka sabunta a 2013, ya bi ta wata hanya, ya bar ɗan wasa ya koyi dukan sana'o'in, ya sauya yadda bukata ta kama. Darasin a bayyane yake: wanda ya iya aiki biyu ba ya daɗewa a layi.

Ribar wannan tsari ba ta ɓuya. Saurayin da wutar lantarki ke yi wa zuwa da komawa, kuɗin data kuma na ƙididdige, ba zai iya jiran sa'a guda ba. Ban da haka, Jos gari ne da rigingimun 2001 da 2008 da 2010 suka raba unguwanninsa, har ya zama mutumin Unguwar Rogo da na Unguwar Rukuba kowa na taka tsantsan da shiga wajen ɗan'uwansa. Na'ura ba ta tambayar addini ko ƙabila ko unguwa. Abin da take tambaya kawai shi ne, wane aiki ka iya? Wannan tambaya ce mai kyau, da ma mutane su koye ta.

Amma fa hasarar ma tana nan. A gayyar gona, wanda ya ƙi fita yau ba zai ga kowa a gonarsa gobe ba, kunya da sanayya su ne ke riƙe da jama'a. A ƙungiyar da na'ura ta haɗa kuwa, ba wanda zai sake ganin wani. Sai zagi ya yi arha, mutum ya watsar da abokansa ana tsakiyar fama, a kori sabon shiga don kuskure ɗaya. Kamfanin ya sa horon hana shiga layi na rabin sa'a ga mai gudu, amma horo ba ya maye gurbin kunya. Shi ya sa da aka dawo da tsohon samfurin wasan a 2019, ba a sa na'urar a ciki ba. A 2022 ma kamfanin ya ƙi sa ta a wani samfuri da ya biyo baya, don gudun kashe zumunci, amma 'yan wasa suka matsa, aka maido ta a Oktoba 2023. Ashe ɗan Adam na son zumunci, yana kuma son sauƙi, biyun kuwa ba kullum suke tafiya tare ba.

To, hana yara wasan ba zai yiwu ba, sakin su sakaka kuma ba dabara ba ce. Abin da ya dace shi ne uba ya tambayi ɗansa, da wa kake wasa, wane aiki kake riƙewa, yaya kake yi wa wanda ya kasa? Yaron da ya saba zagin baƙo don ba za a sake haɗuwa ba, wata rana zai yi wa fasinja ko mai ciniki haka. Wanda ya koyi tare wa jama'a gaba, ya ɗauki aikin da ake gudu, ya samu abin da zai amfane shi a kasuwa da ofis. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma tara hannuwa kawai na'ura ta iya. Riƙon amana sai an koya a gida.

Allah Ya shirya zuriya, Ya zaunar da Jos da ƙasa baki ɗaya lafiya.